Darasi na Goma Sha Huɗu: Ɗan Kallo a Filin Tsere

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:
1. bayyana yadda ake gudanar da hawan salla a Yola da kuma tseren motoci;
2. faɗin wuraren da suka dace ɗan kallo ya tsaya da waɗanda ba su dace ba, tare da dalili;
3. ba da umarni da yin hani cikin Hausa mai kyau.

Gabatarwa

Ɗalibi, wataƙila ka taɓa ganin sukuwar dawaki ko tseren motoci a talabijin ko a waya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma ganin hoto daban, tsayuwa a bakin fili daban. A fili za ka ji ƙasa tana girgiza, ƙura ta shiga idonka, jama'a su matse ka ta ko'ina. A nan ne za ka gane cewa ba mahayi da direba kaɗai ke da aiki ba. Ɗan kallo ma yana da nasa, wato ya san abin da ya zo gani, ya shirya jikinsa, kuma ya zaɓi wurin tsayuwarsa tun kafin a fara. Idan aka saki linzami ko aka taka totur, lokacin shawara ya wuce.

Za mu fara da abin da ke kusa da mu, wato hawan salla a Yola, sa'an nan mu duba tseren motoci, domin darasin da ke cikinsu ɗaya ne.

Hawan Salla a Yola

Babban birnin Jihar Adamawa gari biyu ne a haɗe. Jimeta tana bakin kogin Binuwai, kuma a can ne manyan kasuwanni da ofisoshi da yawa suke. Yola kuwa ita ce tsohon gari, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841 ya mai da shi hedkwatar masarautar Fombina. A nan fadar Lamiɗon Adamawa take. Lamiɗo Aliyu Musdafa ya yi sarauta daga 1953 zuwa 2010, ɗansa Muhammadu Barkindo Aliyu Musdafa ya gaje shi a wannan shekara ta 2010.

A lokacin ƙaramar salla da babbar salla, bayan an sauko daga Idi, akan yi hawa. Hakimai da masu sarauta sukan fito bisa dawaki, kowa da jama'arsa, su zo su gai da Lamiɗo. Za ka ga dawaki launi-launi: kili, da akawali, da bikili, da hurde. An ɗaura musu sirdi, an sa musu linzami, an yi musu ado da jalala. Zagage na tafe a gaban dokin ubangidansu, makaɗa da masu algaita na biye.

Hawa kashi biyu ne, kuma wajibi ne ka iya bambanta su. Kashi na farko jerin gwano ne, inda dawaki ke tafiya a hankali domin jama'a su ga ado. Kashi na biyu shi ne jafi. Mahaya sukan jeru, su saki dawaki a sukwane zuwa inda sarki yake, su ja linzami gab da isa, dawakin su yi zamiya su tsaya, mahayan su ɗaga hannu su yi jinjina. Baƙon da bai san wannan ba yakan ga fili ya zama wayam ya zaci an tashi, sai ya shiga tsakiya. Alhali kuwa an buɗe filin ne domin sukuwa.

Wannan al'ada ba ta Yola kaɗai ba ce. Ana yin ta a Kano da Katsina da Zariya da sauran masarautu. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gāda.

Tseren Motoci Iri Biyu Ne

Iri na farko shi ne tseren kewaye. Ana gina hanya ta musamman mai kwana-kwana, motoci su tashi tare, su yi ta kewaya ta har adadin da aka ƙayyade ya cika. Wanda ya fi shahara shi ne Formula 1. Yawanci kwana uku ake yi. Ranar Juma'a direbobi su gwada hanya, makanikai su daidaita motoci. Ranar Asabar a yi gasar neman gurbi: wanda ya kewaya hanyar cikin lokaci mafi ƙanƙanta shi zai tsaya a sahun gaba. Ranar Lahadi a yi babban tsere, wanda tsawonsa yakan ɗan haura kilomita 305. Rabon da a yi wannan gasa a nahiyar Afirka tun 1993, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu.

Iri na biyu shi ne tseren dogon zango, wanda ake yi a hanyoyin karkara da daji da hamada. A nan ba a sakin motoci tare. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, da tazarar minti ɗaya ko 'yan mintoci, kuma agogo ne alƙali. Kowace mota tana ɗauke da mutum biyu: direba da mai karanta masa hanya. Saboda haka motar da ta fara wucewa ta gabanka ba lallai ita ce ke kan gaba ba. Sai an tara lokacin kowa a ga wanda nasa ya fi kaɗan.

Wannan iri na biyu shi ne wanda ƙasashenmu suka fi sani. A Kenya ana yin gasar Safari tun 1953. A Nijeriya, bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi, wanda aka fara a 1934, yakan haɗa da tseren motoci a wasu shekarun. Mutanen Nijar kuwa sun daɗe da sanin tseren Dakar. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro shi, bayan ya ɓata a hamada a 1977 yana cikin wani tsere a kan babur. Rukuni na farko ya tashi daga birnin Paris ranar 26 ga Disamba, 1978, ya ratsa Aljeriya, ya bi ta Agadas da Yamai, ya isa Dakar ranar 14 ga Janairu, 1979. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 kacal suka kai. A 1997 ma daga Dakar aka tashi, aka je Agadas aka juyo. An soke tseren a 2008 saboda matsalar tsaro, aka mai da shi Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya tun daga 2020.

Shiri Tun Daga Gida

Abu na farko, ka tabbatar da rana da lokaci da wuri. Matambayi ba ya ɓata. A Yola kana iya sauraron sanarwa a gidajen rediyo irin su ABC Yola da Fombina FM da Rediyo Gotel, domin wani lokaci akan ɗaga hawa ko a sauya tsarinsa. Idan taron na shiga da tikiti ne, ka saya a wurin da masu shirya taron suka ambata, kada ka saya a hannun wanda ya tare ka a bakin ƙofa.

Abu na biyu, ka yi tanadin zafi. Yola na cikin garuruwan da suka fi zafi a Nijeriya. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, salla takan zagayo cikin kowane yanayi. A 2025, alal misali, ƙaramar salla ta faɗo ne a ƙarshen Maris, tsakiyar bazara. Don haka ka ci abinci kafin ka fita, ka riƙi gorar ruwa, ka sa tufafi marasa nauyi, ka ɗauki malafa ko laima. Ka riƙa kurɓar ruwa tun ƙishirwa ba ta kama ka ba. Takalmi kuma ya zama mai rufe ƙafa, domin silifa takan tsinke ko ta cire a cikin turmutsutsu.

Abu na uku, ka rage kaya. Kuɗin mota na zuwa da dawowa, da ɗan abin sayen ruwa, sun isa. Ka raba kuɗin gida biyu, ka sa waya a aljihun gaba. Inda jama'a suka taru, 'yan sane ma sun zo nasu kallon.

Abu na huɗu, ka yi sammako. Daga Jimeta zuwa Yola 'yan kilomitoci ne, amma ranar salla hanya takan cushe, kuma akan tsai da ababen hawa nesa da fada. Wanda ya isa da wuri shi ke zaɓen wuri. Wanda ya makara kuwa, duk inda jama'a suka tura shi nan zai tsaya.

Idan tseren motoci za ka, ka ƙara abu biyu: abin toshe kunne da ƙyallen rufe hanci. Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Ƙarar da ta haura desibel 85 tana iya lalata ji idan an daɗe a cikinta, ta motar tsere kuwa takan wuce 100 idan kana kusa. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Wurin Tsayuwa

Wannan shi ne babban abin da ake so ka riƙe a darasin nan. Akan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne a kasuwar hatsi, amma a filin tsere ido yakan yaudari mai shi. Abin da ya nufo ka kai tsaye ba ka ganin gudunsa sosai. Za ka ga kamar yana nesa, yana ɗan ƙara girma kaɗan-kaɗan, sai kawai ka gan shi a kanka.

Bari mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 180 a awa ɗaya tana cin mita 50 a kowace daƙiƙa. Ke nan tsawon filin ƙwallon ƙafa, wanda ya kai kimanin mita 100, daƙiƙa biyu ne a wurinta. Kafin idonka ya gani, ƙwaƙwalwarka ta yanke shawara, ƙafarka ta ɗaga, kusan daƙiƙa ɗaya ta tafi. Saura ɗaya. Dokin da ke gudun kilomita 54 a awa kuwa yana cin mita 15 a daƙiƙa. Usain Bolt, wanda ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Berlin a 2009, bai kai mita 11 a daƙiƙa ba idan aka raba tsawon da lokacin. Idan wanda ya fi kowa gudu a duniya ba zai tsere wa doki ba, kai da ke tsakiyar jama'a, da yaro a hannu, ina za ka? Ga shi kuma doki ya fi ƙarti huɗu nauyi.

Daga wannan lissafi ƙa'idoji biyar suka fito.

Ta farko, kada ka tsaya a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. Nan ne mahayi ke jan linzami, nan ne direba ke taka birki. Idan doki ya ƙi tsayawa ko birki ya ƙi ci, can za su zarce.

Ta biyu, kada ka tsaya a bayan kwana, wato ta gefen waje. Duk abin da ke gudu yana son ya ci gaba da tafiya a miƙe. Tayoyi ne ke riƙe mota ta sha kwana, kofato ne ke riƙe doki. Idan suka zame a kan yashi ko tsakuwa, waje za su yi. Gefen ciki ya fi aminci, ko da yake shi ma sai da tazara.

Ta uku, ka nemi tudu, ka guji kwari. A kan tudu za ka fi gani, kuma abin da ya ƙwace ba ya saurin hawowa. Amma tudu daban, katanga ko reshen bishiya ko rufin kwano daban. Waɗannan sukan rushe ko su karye idan mutane suka yi musu yawa.

Ta huɗu, ka tsaya a bayan shinge ko igiya ko layin da dogarai da 'yan sanda suka shata. Kada ka jingina da shinge, kada ka zauna a ƙasa a sahun gaba, domin na zaune ba ya saurin tashi. Ka duba bayanka ka ga ta inda za ka fita idan wani abu ya faru.

Ta biyar, kada ka tsallaka hanya har sai masu kula sun ba da izini. Wucewar mota ɗaya ba ta nufin hanya ta zama taka. Wata na tafe a cikin ƙurar ta farko, kuma direbanta ba ya ganinka. Haka ma a wurin jafi, ayari na bin ayari.

Waɗannan ƙa'idoji ba don tsoratarwa aka kafa su ba, da rayukan mutane aka koye su. Ranar 11 ga Yuni, 1955, a tseren Le Mans na ƙasar Faransa, motar wani direba mai suna Pierre Levegh ta yi karo, ta tashi sama, ɓaraguzanta suka faɗa cikin 'yan kallo. Mutane fiye da 80 suka rasu. Bayan wannan ne aka sake fasalin wurin, ƙasar Suwizalan kuma ta hana tseren kewaye shekaru masu yawa. A 1986, a ƙasar Fotugal, inda 'yan kallo suka saba cika bakin hanya, wata mota ta ƙwace ta kashe mutum uku. A tseren Dakar na 2006 yara biyu suka rasa rayukansu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai abin da ya shafi doki shi kaɗai. Idanunsa a gefen kai suke, don haka yana ganin dama da hagu sosai, amma ba ya ganin abin da ke bayansa daidai. Idan ya ji motsi a nan, harbi zai kai. Kada ka bi ta bayan doki ko da a ɗaure yake. Idan ka ga ya kwantar da kunnuwansa baya, ransa a ɓace yake, sai ka ja da baya. Kada ka buɗe laima farat ɗaya a gabansa, kada ka haska masa fitilar waya, domin dabba ce mai saurin firgita.

Fili Yana da Harshensa

Kallo ya fi daɗi idan ka fahimci alamu. A wurin hawa, kunne ke ba ka labari kafin ido. Idan ka ji kakaki da tambari, ka ji harbin bindigogin gargajiya, ka hango babbar laima, to sarki ya kusa. Idan ka ga dogarai suna mai da jama'a baya, fili ake buɗewa. Ka tambayi wani dattijo da ke kusa da kai sunan hakimin da ke wucewa da ƙasar da yake riƙe. Da Hausa ko da Fulatanci, za ka sami mai yi maka bayani.

A tseren kewaye kuwa da tuta ake magana. Koriyar tuta na nufin hanya lafiya lau. Rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada kowa ya wuce wani. Ja na nufin an tsai da tsere. Shuɗiya na gaya wa direba cewa wata mota da ta fi shi gudu tana bayansa. Mai zanen dara, baƙi da fari, ita ce alamar ƙarewa. A Formula 1 akan kunna jajayen fitilu biyar ɗaya bayan ɗaya, da zarar sun mutu gaba ɗaya sai motoci su tashi. Ka lura da wurin da makanikai suke, domin sukan canja tayoyi huɗu cikin ƙasa da daƙiƙa uku, kuma sau da yawa a nan ake cin tsere ko a faɗi. A tseren dogon zango akan fara turo mota mai lamba sifiri ta duba hanya. Idan ta wuce, masu tsere na tafe.

Wata dabara ita ce ka zaɓi mahayi ɗaya ko mota ɗaya ka riƙa bin ta da ido. Wanda ya ce zai kalli kowa, ƙura kawai zai gani. Waya kuma kada ta cinye maka kallo. Mai ɗaukar hoto yakan matsa gaba taku bayan taku bai sani ba, har ya tsinci kansa a tsakiyar hanya.

Ladabi da Komawa Gida

Fada wurin girmamawa ce. Ka yi shiga ta mutunci, ka gai da na gaba da kai, ka ba tsofaffi da mata da naƙasassu wuri. Kada ka tsaya a gaban wanda ya riga ka zuwa. Kada ka yi jifa, kada ka zubar da leda ko kwalba inda dawaki ko motoci za su bi. Idan dogari ko ɗan sanda ya ce ka matsa, ka matsa tukuna, tambaya ta biyo baya.

Idan ka zo da ƙanenka ko ƙanwarka, hannunsa na cikin naka har ku koma gida. Ka rubuta lambar wayar wani babba a takarda ka sa masa a aljihu. Tun da isarku ku zaɓi wuri sananne, kamar ƙofar wani masallaci ko wata babbar bishiya, inda za ku haɗu idan kun rabu. Idan wani ya fara jin jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, zafi ne ya fara cin ƙarfinsa. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a yi masa fifita, a ba shi ruwa idan yana cikin hayyacinsa. Idan ya suma, a nemi jami'an lafiya nan take. Lambar neman agajin gaggawa a Nijeriya ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra kuwa 122.

Da an tashi, kowa yakan nufi mafita lokaci ɗaya. Ka dakata minti goma ko ashirin jama'a su ragu. Idan turmutsutsu ya rutsa da kai, kada ka yi gaba da shi, kada ka sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi. Ka ɗaga hannuwanka daidai ƙirji, ka bi inda jama'a suka nufa kana ratsawa gefe sannu a hankali.

Saura gargaɗi ɗaya. Bayan kallo, jinin samari yakan tafasa, wani ya hau babur ko motar gida ya ce zai gwada abin da ya gani. Direban tsere yana da hular kwano da rigar da ba ta saurin kama wuta, motarsa na da ƙarafan kariya, hanyarsa a rufe take, likitoci na jiran ko-ta-kwana. Titin Jimeta kuwa na masu keke ne da 'yan makaranta da masu talla. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Ma'anar Kalmomi

sukuwa: gudun doki mafi ƙarfi
jafi: gaisuwar da mahaya ke yi wa sarki ta hanyar sukuwa da jinjina
zamiya: tsayawar doki farat ɗaya yana jan ƙafafu a ƙasa
linzami: ƙarfen da ake sa wa doki a baki domin sarrafa shi
jalala: ƙyalle mai ado da ake shimfiɗawa a kan sirdi
zagi (jam'i: zagage): mai tafiya a ƙasa a gaban dokin sarki ko hakimi
dogari (jam'i: dogarai): mai tsaron sarki
kwana: inda hanya ta lanƙwasa
totur: abin da ake takawa ko murɗawa domin ƙara gudu
tazara: nisa ko lokacin da ke tsakanin abu biyu
sammako: fita da sassafe
turmutsutsu: cunkoson jama'a mai ture-ture
ɗan sane: ɓarawon da ke zare abu daga aljihu

Nahawu: Umarni da Hani

Hanya biyu ake ba da umarni a Hausa. Ta farko, a kawo aikatau shi kaɗai, ga mutum ɗaya: Tsaya! Matsa! Zauna! Ta biyu, a sa wakilin suna a gaban aikatau. Wannan ta fi taushi, kuma ita ake amfani da ita wajen ba da shawara.

Namiji: Ka tsaya a bayan shinge.
Mace: Ki tsaya a bayan shinge.
Jam'i: Ku tsaya a bayan shinge.
Kowa da kowa: A tsaya a bayan shinge.

Idan za a yi hani, sai a fara da kalmar "kada" ko "kar".

Namiji: Kada ka tsallaka hanya.
Mace: Kada ki tsallaka hanya.
Jam'i: Kada ku tsallaka hanya.
Kowa da kowa: Kada a tsallaka hanya.

A lura: ba a ce wa babba "Matsa!" Akan ce, "Baba, don Allah ku ɗan matsa baya," ko "Mama, a ɗan gyara, dawaki na tafe." Amfani da "ku" ko "a" ga mutum ɗaya alamar girmamawa ce.

Tambayoyi

1. Wa ya kafa garin Yola, kuma a wace shekara?
2. Mene ne bambancin jerin gwano da jafi?
3. Me ake yi a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi a gasar Formula 1?
4. Don me motar da ta fara wucewa a tseren dogon zango ba lallai ita ce ta ɗaya ba?
5. Waɗanne garuruwa biyu na Nijar tseren Dakar na farko ya bi?
6. Kawo dalilin da ya sa bayan kwana ya fi gefen ciki haɗari.
7. Mota tana gudun kilomita 144 a awa ɗaya. Mita nawa take ci a daƙiƙa ɗaya?
8. Me ya sa ba a bi ta bayan doki?

Aikin Aji

(a) Mai da waɗannan jimloli zuwa hani:
1. Ki hau katanga.
2. Ku jingina da shinge.
3. A zubar da leda a fili.
4. Ka saki hannun ƙanenka.

(b) Mai da waɗannan jimloli yadda za a faɗa wa mace, sa'an nan yadda za a faɗa wa jama'a:
1. Ka riƙi gorar ruwa.
2. Kada ka makara.
3. Ka saurari sanarwa a rediyo.

(c) Nemo karin magana uku daga cikin karatun, ka bayyana ma'anar kowanne, sa'an nan ka kawo makamancinsa a harshenku na gida.

(d) Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama dogari, ɗaya ya zama baƙon da ya tsaya a inda dawaki za su bi. Ku yi hira ta minti biyu cikin ladabi.

Aikin Gida

Rubuta wasiƙa mai kalmomi 150 zuwa ga abokinka ko ƙawarki da za ta zo Yola kallon hawan salla karo na farko. Ka ba da shawara biyar da hani uku. A ƙasan wasiƙar ka zana taswirar fili mai miƙaƙƙiyar hanya da kwana ɗaya, ka nuna wurare biyu masu aminci da wurare biyu masu haɗari.